Neman Haƙoran Injin Rake

Tun da na dawo daga bayan Doguwa ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, kafin ya gama gaisuwa sai ya ce, "Lawan Tela, yaya can ɗin yake?" Na faɗa, na maimaita, har na lura labarin ya fara ƙiba a bakin masu kai shi gaba. Jiya na ji an ce wai giwa ta tare mu a dajin Falgore. Ban ga giwa ba. Shi ya sa na ce bari in tsara shi yadda ya faru, kowa ya huta, ni ma in koma kan kekena.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni tela ne a Yako, yayana Hamisu kuwa manomin rake ne a fadamar da ke hanyar Badafi. Rakensa ba irin mai kaurin nan ba ne da ake fere wa a sha a tasha. Siriri ne mai tauri, ba ya da wani amfani sai a matse shi a dafa ruwan a yi mazarƙwaila. Injin matsewar tun na mahaifinmu ne: gungumen ƙarfe uku a tsaye, kowanne da faifai mai haƙora a kansa, sai doguwar itace da ake ɗaura wa doki. Doki na zagayawa, haƙoran na cizon juna, mutum na zaune a ƙasa yana tura rake, ruwa na zuba a garwa. Bana, ana fara aiki, babban faifan ya tsage gida biyu.

Abin bai zo a lokacin da za a ce a bari sai an huta ba. An riga an sare tulin rake yana kwance a rana, kuma raken da aka sare ba ya jira, tsami yake yi. Wanda ke tsaye ya nuna, ruwa ya janye daga fadama, ganye ya bushe ƙayau, guntun taba ɗaya ya isa ya cinye noman shekara. Masu injin da ke kusa kowa na fama da nasa. Yaya ya kai faifan wurin wani mai walda a Bebeji, mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kuma faɗa masa gaskiya cewa ƙarfen zubi ba ya son walda. Doki bai gama ɗumama jiki ba faifan ya sake rabuwa a wurin da aka haɗa. A Kano aka ce an daina shigo da irinsa, kamar yadda ake cewa game da kowane kayan gyara a 'yan shekarun nan.

Da aka goge tsohon maiƙon da ke jikin faifan sai ga rubutu ya fito, sunan wani kamfanin zubin ƙarfe da sunan garinsa, can cikin duwatsu bayan Doguwa, inda aka yi haƙar kuza. Yaya ya tuna Baba ya taɓa cewa daga can aka kawo injin. Shi ba zai iya barin doki da rake ba, ni kuma Salla ta wuce, ɗinki ya ja baya, kowa a gidan ya san haka. Bai roƙe ni ba. Ya dai zuba gutsattsarin biyu a buhu ya ajiye a ƙofar shagona, ya ce, "Ka je ka sayo sabo." Ni ba mutumin tafiya ba ne, Tudun Wada ita ce iyakata ta kudu, amma ban ga fuskar yin gardama ba.

Daga Yako zuwa Kwanar Dangora a kan babur na tafi, buhun a kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai haƙori ɗaya ya bar mini shaida. A kwanar na samu bas mai zuwa Tudun Wada. Kwandasta ya ɗaga buhun, ya ajiye, ya dube ni, ya ce ko dutsen niƙa na sato. Aka tura shi ƙarƙashin kujera. Muna cikin tafiya direba ya taka burki saboda tumaki, buhun ya zame gaba ya murƙushe butar wani dattijo Bafillace da ke zaune a gabana. Na shiga ba da haƙuri, shi kuwa ya ɗauki butar ya juya ta, ya ce dama ta tsufa.

Ya ce in buɗe ya ga abin da ya kashe masa buta. Yana gani ya gane, ya tambaye ni fadamar wa. Ashe mutumin Burumburum ne, 'ya'yansa na kai shanu wajenmu da rani. Ya ce duk shekara suna jiran masu rake su kwashe, su kuma su shiga da dabbobi su ci ganye da sauran abin da aka bari, kuma bana an ce akwai fadama ɗaya da ta ƙi tashi. Ya faɗi wannan cikin ladabi, ba da wata barazana ba. Da zai sauka ya ce mini, "Ka yi sauri, ɗana. Mu muna da haƙuri, shanu ne ba su san mai gona ba." Na ce in sha Allahu.

A Tudun Wada na ci shinkafa da wake a bakin tasha, shinkafar garin, mai tsakuwa kaɗan amma mai daɗi. Na nuna wa makanikai biyu faifan. Na farko ya ce kamfanin ya mutu tun tuni. Na biyu ya ce ƙarya ne, ƙanin matarsa ya ga hayaƙi a wurin bara. Suka bar ni a tsaye suka kama musu a tsakaninsu, har ya koma kan wata tsohuwar rigima ta sifana da ba ni a ciki. Na ɗauki buhuna na shiga a-kori-kura mai zuwa Doguwa, a baya, tsakanin buhunan gishiri da wata mata mai kaji.

Dajin Falgore ba ni da abin faɗa a kansa. Itatuwa ne, sai wasu itatuwan, sai birai a gefen titi suna kallon mota kamar su ne suka yi titin. Abin da ya same ni a wurin shingen masu gadin daji ne. Suka ce kowa ya buɗe kaya. Wanda ya buɗe nawa ya zaro rabin faifai, ya ga baƙin ƙarfe mai lanƙwasa da haƙora a jere, ya zaro ɗayan ya haɗa su, sai ya kira ɗan'uwansa ya ce ga tarko. Na ce injin rake ne. Ya ce shi ma ya san rake, bai taɓa ganin an kama shi da wannan ba. Na tsuguna a ƙasa ina zana musu doki da itace da yatsa, fasinjoji suka kewaye ni kowa na gyara mini zane. Mai kajin ce ta raba gardamar, ta ce in tarko ne ina abin da zai sa ya rufe. Suka juya shi, suka ga babu, suka mayar mini. Ina da mazarƙwailar bara a aljihu wadda na riƙo guzuri, na gutsura musu, muka rabu ana dariya.

Mun isa Doguwa da la'asar sakaliya, motar cikin duwatsu kuwa ta riga ta tafi. Direbanmu ya kai ni zauren wani ɗan'uwansa mai sayar da dankalin turawa, aka ba ni tabarma da bargo. Na ce bargon ya yi yawa, mai gidan ya ce in dai riƙe. Da asuba na gode masa, don sanyin can ba irin namu ba ne, daga ƙasa yake tasowa. Mai gidan ne kuma ya gaya mini magana ɗaya ba kwana-kwana: an rufe kamfanin tun da kasuwar kuza ta faɗi, babu wuta, babu hayaƙi. Ya ce amma ƙarafan suna nan, an tara su a ɗaki ana zuwa kallo. Na ɗauka zolaya ce irin ta mai masauki da baƙo. Da na ga bai yi dariya ba sai na gane da gaske yake. Na yi tunanin juyawa, na kuma tuna fuskar Yaya in na ajiye masa buhunsa yadda ya ba ni, sai na ce tun da na zo nan bari in ƙarasa.

Da safe na shiga motar cikin duwatsu, hanyar ta bar kwalta ta shiga hawa. Wani fasinja ya riƙa nuna mini iyaka da baki, wancan dutsen Bauchi ne, bayan wancan Kaduna. Ban ga wani bambanci tsakanin duwatsun ba. Abin da na gani shi ne manyan kududdufai masu koren ruwa da tudun jar ƙasa a gefensu, aka ce ramukan kuza ne, kuma ba a barin yara su yi wanka a ciki don ba wanda ya san zurfinsu.

Garin ƙarami ne, bai kai Yako ba, amma an gina shi da wata irin dabara. Gidajen a layi suke, na dutse da kwano, ƙofa na kallon ƙofa, babu zaure, babu katanga. Mutanen kuwa kowa da inda ubansa ya fito, wani Katsina, wani Barno, wani ƙasar Filato, duk aikin kuza ya tara su, suna Hausa mai sauri. Ba a kiran dattijo da sunansa, sai da aikin da ya yi a kamfani: wannan Mai Wuta, wancan Kafinta, shugabansu kuma Heluma, wato tsohon shugaban leburori. Ina tsaye ina tambayar hanya rana ta take tsaka, sai na ji an buga ƙarfe da ƙarfi. Nan take mai shayi ya rufe tukunya, mata suka fara fito da kwanuka. Na tambaya ko wani abu ya faru, aka ce a'a, lokacin cin abincin ma'aikata ne. Ma'aikatan babu su, amma garin bai daina cin abinci a kan ƙarfen ba. Mu a Yako mutum na cin abinci ne in an gama.

Mai buga ƙarfen shi ne mai kula da ɗakin kallon. Sunansa Malam Iliya, amma Akawu ake ce masa, don shi ne akawun kamfanin har ranar da aka rufe. Dogo ne siriri, da rigar sanyi mai maɓalli da aka yi wa ƙari a gwiwar hannu, ɗinkin hannu ne amma mai kyau. Da ya ji daga Yako ta ƙasar Kiru nake sai fuskarsa ta washe, ya ce ba a taɓa samun mai zuwa kallo daga wajenmu ba. Na buɗe baki zan ce ba kallo na zo ba, ya riga ya juya yana buɗe kwaɗo.

Wurin dogon rumbu ne mai rufin kwano, ƙasa a share tas, ko'ina warin man inji. Ina shiga na hango shi a can ƙarshe, kusa da taga: injin rake irin namu sak, an shafe shi da koren fenti, haƙoransa cif. Na nufi wurin, Akawu ya tare ni da hannu, ya ce ba daga nan ake farawa ba. Dole aka fara da ni daga tanderu, wani dogon bututun ƙarfe da ya huda rufi, inda ake zuba gawayin kwal da tsofaffin ƙarafa ta sama, narkakke ya fito ta ƙasa. Ya nuna mini manyan ludayen da mutum biyu ke ɗauka, da akwatunan da ake cika wa da baƙin yashi, da siffofin katako da ake dannawa a yashin su bar gurbi. Ya yi bayani tiryan-tiryan, da tsayawa a inda ya saba tsayawa don 'yan makaranta su yi mamaki. Ni ma na riƙa yin mamakin a inda ya dace, idona na kan taga.

Aikin farko na kamfanin, in ji shi, gyaran kayan haƙar kuza ne. Daga baya suka shiga zuba abin da mutanen ƙasa ke bukata. Ga garmar shanu, ga tukwane, ga murhu, ga ƙafafun kura. A kan wani tebur na ga dutsen guga na gawayi, mai ɗan zakara a kan murfi, an ɗora shi a kan farin ƙyalle, da kati a gabansa. Na ce masa ina da irinsa a shago, da shi na goge rigar da ke jikina. Ya ce madalla, in riƙe shi da kyau, tarihi ne. Ban san ina da tarihi a ƙarƙashin tebur ba.

Kowane abu an kewaye shi da igiya, ba a taɓawa. Wannan ne ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. A wajenmu abin da ba a amfani da shi ko dai a ba da aronsa, ko a kifa shi kaji su sha ruwa a ciki. Mutumin da ke da garma biyu ya hana maƙwabci ɗaya, har jikokinsa sai an yi musu gori. A nan kuwa ga garma goma a jere, ana shafa musu mai duk mako, ba wadda ta taɓa shiga ƙasa, kuma abin alfahari ne.

Da muka iso wurin injin na kwance buhuna na zaro gutsattsarin. Akawu ya karɓa da hannu biyu. Ya karanta rubutun, ya shafa haƙoran da suka siɗe don aiki. Ya ce nasu ne, zubin farko-farko ma. Ya ce wanda ke cikin igiyar shi ne na ƙarshe da aka zuba, ba a kai ga sayar da shi ba aka rufe. Na ciro tef ɗina na awo, na auna nawa, na tsaya a bayan igiya na miƙa hannu na auna nasa a iska, ba tare da na taɓa ba. Daidai suke. Sai na faɗa masa abin da ya kawo ni, da raken da ke kwance, da wanda ke tsaye, da shanun da ke jira.

"Baba Akawu," na ce, "ko ka sayar mini, ko ka ara mini. Faifai ɗaya kawai."

"Malam Tela, ba na sayarwa ba ne, ba kuma nawa ba ne. Ko ƙusa ba ta fita daga ɗakin nan."

Bai faɗa da fushi ba. Ya zaunar da ni a benci ya ba ni labari. Da aka rufe kamfanin, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da manyan motoci, suka kwashe injuna, suka kwashe layin dogon da ake tura kurar kaya a kai, har ƙofofi suka ɓalle. Tsofaffin ma'aikata suka fito suka zauna a bakin wannan rumbun, suka ce abin da ya rage ba mai ɗauka. Su suka tara kayan, su suka damƙa masa mabuɗi. Sau ɗaya ya ji tausayin wani ya ara masa abin matse ƙarfe, har yau bai dawo ba, kuma har yau ana tuna masa. Na ga ba mugunta ba ce, na kuma ga hakan bai rage wa raken Yaya tsami ba.

Ya hana ni neman masauki, ya kai ni gidansa a layi na biyu. Matarsa ta kawo gwaten masara da ganye da yalo a ciki, abinci mai ruwa-ruwa da ake sha da cokali. Na sha don kunya, na ƙara don daɗi. Shi Kirista ne, amma akwai buta da tabarmar salla da ya tanada don baƙi, ya nuna mini gabas tun kafin in tambaya. Bai sake tayar da maganar faifan ba, ni ma ban tayar ba. Matar ce, tana kwashe kwanuka, ta ce masa ai ba shi kaɗai ke da ƙarafan ba, ya kai yaron mutane wurin masu su mana.

Da hantsi ya kai ni. Dattawan na zama ne a jikin bangon tsohon sito, inda rana ke fara sauka. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, Akawu ya ajiye gutsattsarin a gabansu ya yi bayani, bai ƙara ba bai rage ba, har ya faɗi cewa shi ya riga ya ce a'a. Suka riƙa miƙa wa juna ƙarfen. Kafinta ya ce in aka ba da wannan, gobe mai garma zai zo, jibi mai tukunya, kafin a farga ɗaki ya koma fili. Ya ce abin da suka tsare daga manyan motoci ba za su bari a kwashe shi a buhu ba. Wasu suka gyaɗa kai. Wani ya ce ba su ma san ni ba, wanda gaskiya ne.

Mai Wuta tsoho ne gajere, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya daɗe yana juya rabin faifan, sannan ya ce, "Wannan ya yi aikinsa har ya mutu. Wancan na ɗaki ni na zuba shi, kuma don ya ci rake na zuba shi, ba don ya ci fenti ba."

Daga nan magana ta hargitse, har ta koma kan wanda ya bar tanderu ya huce a wata shekara da ba a haife ni ba. Ni dai ina tsugune ina kallon ƙasa. Heluma ya bar su suka gaji, sannan ya yanke. Faifan zai tafi aro. Namu da ya karye zai zauna a wurinsu. Kuma tun da Akawu aka damƙa wa kayan, Akawu zai bi shi, ya zauna inda yake, in rake ya ƙare ya dawo da shi da hannunsa. Kafinta ya ce a shaida shi bai yarda ba, aka ce an shaida. Akawu ya tambayi wanda zai riƙa buga ƙarfen rana, Mai Wuta ya ce ai ba karatu ake yi kafin a buga ba.

Cire faifan ya ci sauran safiyar. Fenti ya liƙe ƙusoshin, sai da aka jiƙa su da kananzir. Dattawan nan da ke tafiya da sanda suka tsallake igiya, suka naɗe hannun riga, wannan na cewa a juya hagu, wancan na cewa wa ya koya maka. Kafinta da bai yarda ba shi ne ya fi kowa ba da umarni. Akawu na gefe yana riƙe da tsumma, duk lokacin da sifana ta zame sai ya runtse ido.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Akawu ya naɗe faifan a bargo, ya zauna a gaban mota da shi a kan cinya, ni aka mayar baya. A shingen daji masu gadi suka leƙo suka ga dattijo da rigar sanyi da tabarau ya rungume ƙunshi, suka gaishe shi suka ɗaga itace. A Kwanar Dangora ya ƙi yarda a ɗaure shi a bayan babur, sai da muka samu motar da ta zo daga kasuwa.

Mun tarar raken da aka sare ya lalace, Yaya ya riga ya kira makiyaya sun kwashe wa shanu. Wanda ke tsaye yana nan. Na gabatar da baƙo, na yi bayanin sharaɗi. Yaya ya saurara, ya dubi Akawu, ya dubi bargon, ya ce a kai kayan Malam zaure a kawo masa ruwa. Akawu ya ce ruwa ya jira, a fara zuwa fadama.

Faifan ya zauna a gurbinsa kamar dama can nasa ne, kore shar tsakanin baƙaƙe biyu. Aka ɗaure, aka ɗora itace, aka kawo doki. Yaya ya zauna a ƙasa da rake a hannu, ya yi bisimilla, aka kora. Haƙora suka kama juna, injin ya saki ƙarar nan tasa da ake ji tun daga bakin gari. Doki bai cika zagaye ɗaya ba Akawu ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

Aka tsayar. Yaya na riƙe da rake, rabi a cikin inji rabi a waje, ya ɗago ya dube ni. Akawu ya matso ya sunkuya a kan faifan. Duk haƙorin da ya shiga ya fito, fentin ya kankare, farin ƙarfe na ƙyalli a wurin. Ya sa yatsa ya shafa, koren ya biyo yatsan, ya tsaya yana kallonsa. Kayansa ne, in ya ce a cire cirewa za a yi.

"Shekara da shekaru ina gaya wa yara yadda yake aiki," in ji shi. "Ban taɓa gani ba. Ban ma san yana kuka ba."

Ya goge yatsan a jikin rigar sanyinsa, ya ja da baya ya ba doki hanya.

"Malam Hamisu, a kora."

Aka kora. Ruwan rake ya fara zuba a garwa, Yaya ya sunkuyar da kai ya jawo wani raken ya tura.